Murfin Tukunyar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Baba ya ture kwanon abinci, wai shi ba ya ci a bakin aiki. Wane aiki kuma, Baba? Yaushe rabonka da tuƙa bas? Tun da ciwon mantuwar nan ya kama shi ya koma direban da yake a da, ni 'yarsa kuma na koma wata mata mai damunsa. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na rubuta a guruf ɗinmu na waya.

Allah Ya saka wa wanda ya sa ni a guruf ɗin nan. Dukkanmu masu jinyar tsofaffi ne, ban san fuskar kowa ba, amma su kaɗai ne in na ce na gaji ba sa ce min "ai lada kike samu."

Alhamis, 6 ga Maris

Maman 'Yan Biyu, mai jinyar surukarta, ta turo min murya: "Ke, daina gardama da shi. In ya ce shi direba ne, zama fasinja mana!"

Na miƙa masa murfin babbar tukunya, na zauna a bayansa kan gado. Wallahi ya riƙe shi kamar sitiyari, har da leƙa madubin da babu. Muka yi ta tafiya. Can na ce, "Direba, a tsaya mu ci abinci, yunwa nake ji." Ya taka silifas ɗinsa kamar birki, ya ce, "Minti goma, baiwar Allah, ba na jiran kowa." Ya cinye tas. Ya yi dariya har da buga cinya. Na manta yadda dariyarsa take.

Asabar, 8 ga Maris

Na ɗauke shi a bidiyo na sa a guruf, ko wata za ta gwada. Addu'o'i kamar me. Wata ta ce ta ba mahaifiyarta alli da allo, tsohuwar malama ce, ta yini tana koyar da kujeru. Na yi barci mai daɗi.

Laraba, 12 ga Maris

Yaya ya kira, ko gaisuwa babu. Bidiyon ya fita. An cire muryar Baba, an ɗora kiɗa da wata dariya irin ta 'yan iska, an rubuta "direban da ba ya shan mai." A ofishinsu ya gani, abokan aikinsa na ta ƙyalƙyalawa, ba su san ubansa ba ne.

"Uban namu kika mayar abin dariyar duniya?"

Na so in ce masa kai da sai wata-wata kake leƙowa da lemo a leda, me ka sani? Amma ina! Ai gaskiya ya faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai shagon bakin layi ya ganni, ya murza hannu kamar mai tuƙi. Na ajiye masa sabulunsa na juyo.

A guruf kowa rantsuwa yake, ba ni ba ce, ba ni ba ne. To aljani ne? Na zazzage musu abin da ke cikina, na goge bidiyon daga wayata, na fita. Maman 'Yan Biyu ta yi ta kira. Na toshe lambarta.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ya zo ya ɗauke murfin ya kai kicin, ya ce kar ya sake gani. Baba ya yini yana laluben gado.

Talata, 25 ga Maris

Ba ya ci. Cokali biyu, sai ya kau da kai. Yau na saci ido na mayar masa da murfin. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan ai murfi ne." Ya ajiye.

Ban san wa zan tambaya ba. Yatsana sai zuwa yake inda guruf ɗin yake a da.

Laraba, 2 ga Afrilu

Asibiti. Ƙarin ruwa. Likita ya ce ciwon ne ya yi nisa, ba laifin kowa ba ne. Haka dai suke cewa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Baba ya rasu da hantsi. Allah Ya jiƙanka, Baba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gida ya watse. Na bincike wayata kaf ina neman fuskarsa: hoton kwalin magani, hoton ƙafarsa da ta kumbura, hoton takardar likita. Inda yake dariya guda ɗaya ne, bidiyon nan, ni na goge shi da hannuna.

Na nemo bidiyon 'yan iskan, bai yi wuyar samu ba. Na kashe kiɗan na kalla. Bakinsa na motsi, babu murya. Kaico.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na buɗe lambar Maman 'Yan Biyu, don kawai in sanar da ita rasuwar. Ta kira tana kuka. Ita ce ta fitar da bidiyon. Wai ƙanwarta kaɗai ta tura wa, mai jinyar miji, daga can ya wuce. Ta ce tun ranar take neman faɗa min.

Da na kashe, sai ga saƙo. Bidiyon ne na asali, da muryarsa. "Minti goma, baiwar Allah, ba na jiran kowa."

Ban yafe mata ba, ban ce na yafe ba. Na dai tambaye ta ko surukar tata tana cin abinci.