Bakwai Ka Bar Mini, Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aikin haƙar rijiyoyi, ya zaman daji ba waya? Direban da ke kai muku kaya ya ce duk Litinin zai biyo ya karɓi takarda, to ga ta farko.

Fursunanka na hawa na huɗu yana gaishe ka. Kwana tara ke nan ban wuce shagon ƙasan bene ba. Da na sa ƙafa a titi sai zuciyata ta ce an ɗauke wuta, in rugo in haɗa famfon iskar tankin kifi da batir kafin 'ya'yanka su fara haki a saman ruwa. Ko Malam bai taɓa tsare ni a kan allo haka ba. Amma ina riƙe da alkawarinmu: ka dawo bayan sati shida ka tarar da kifayenka bakwai da rai, ka sa baki wurin Baba ya bar ni in koyi tuƙi. In ɗaya ya mutu, in koma injin niƙansa in ci gaba da shaƙar gari.

Duk suna lafiya. Babban shuɗin nan na raɗa masa Hedimasta, don ba ya aikin komai sai zagaye da kora. Sauran shida 'yan rawaya kuwa ci kawai.

Yanzu albishirinka. Mai gyaran agogo na hawa na biyu ya tashi, ya bar mini kifi biyu a roba, masu zanen baƙi da fari kamar tsohuwar katifa. Ya ce duk dangin karfasa ne irin naka, sikilid yake ce musu ko me. Na ce ashe 'yan uwa ne, na juye su cikin tankin gilashin. Ka bar bakwai, za ka tarar da tara. Ka fara tunanin tukwici.

Ƙaninka mai biyayya,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarka, kuma ban yi dariya ba.

Ka fitar da baƙin nan yau. Dangi ɗaya ne, gaskiya, amma nawa 'yan tafki ne da suka saba zaman taro, waɗancan 'yan kogi ne na wata nahiya. Idan mace da namiji ne, ranar da suka yi ƙwai ba wanda zai sake sakewa a tankin nan. Ba ni da wani tankin, don haka ka mayar wa mai su. Idan ba ka same shi ba, kwashe duwatsun duka ka sake jera su dabam. Kowa zai rasa gidansa, faɗan ya lafa na ɗan lokaci.

Alkawari yana nan yadda yake. Bakwai na ce, kuma nawa bakwai.

Ka gaida Inna idan ta leƙo. Allah Ya shirye ka.
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutu, ludayi a hannun hagu.

Takardarka ta tarar da amarya da ango sun riga sun tare. Sun haƙa rami a gindin tukunyar nan ta ƙasa, sun shafe dutse da ƙwai, sun ƙwace kashi uku cikin huɗu na gidan. Hedimasta da kansa, mai zagaye da kora, yanzu a bayan hitar ɗumama ruwa yake kwana, wutsiya a yage, ya yi fari fat kamar wanda aka kama da satar amsa. 'Yan rawaya sun cure a lungun sama. Wanda ya sauko ko taku ɗaya, angon ya yi kansa.

Mai agogo ba wanda ya san inda ya koma. Duwatsu na sake musu jeri sau biyu, kafin la'asar 'yan katifar sun sake kafa gidansu. Daga ƙarshe na cire ragar tagar kicin na raba tankin biyu, ka yi haƙuri da sauro. Sai dai ragar takan zame, shi ya sa nake gadi da ludayi. Abokaina sun zo ƙasan bene suna kira mu je ƙwallo, na leƙo ta taga na ce ina jego.

Abin da ya hana ni sukuni ba shi ne ba. Ƙaramar cikin 'yan rawaya kwana goma sha ɗaya ba ta ci ba. Haɓarta ta kumbura, bakinta a rufe gam, sai motsa shi take kamar tsohuwa mai tasbihi. In na zuba abinci ta zo ta shinshina ta juya. Mai gadin benen ya hau ya duba, ya ce tsakuwa ta haɗiye wajen gudu, a buɗe bakin a ciro.

Mai sayar da kifin ado yana da irinta sak, ya ce in ta mutu zai kawo har gida, ba za ka taɓa ganewa ba. Ka ga na faɗa maka da bakina, a rubuta mini lada. Zan jira amsarka zuwa Litinin. In ban ji ba, zan bi maganar mai gadi.

Auta

Auta,

Kada ka taɓa bakinta. Ba ciwo ba ne, ƙwai ne. Irin nawa a baki suke goyo, uwar takan yi sati uku ba ci. Shekara uku ina jiran wannan. Cika bokiti da ruwan tankin, ka sa mata tiyon iska, ta zauna ita kaɗai har ta sake su da kanta. Bayan nan ma ka ciyar da ita sati guda kafin ta koma. In ta koma da yunwa, shuɗin nan ba zai bar ta ba.

An ƙara mana sati biyu. Ka daure, ƙanina. Gaisuwa ga kowa.
Yayanka

Yaya,

Salam. Motar direba ta lalace, sai Laraba takardarka ta zo. Ni kuwa Talata na buɗe bakin, da tsinken sakace, a cikin kwanon shayi. Tsakuwa nake nema, sai ga 'ya'ya goma sha huɗu sun zubo, kowanne ido biyu da wutsiya. Na tsorata na mayar da uwar tanki. Kafin in gama kallonsu Hedimasta ya matse ta a jikin raga. Da azahar ta mutu.

Mai kifi ya zo jiya da irinta a leda. Na ce ya koma da abarsa.

Shida ne, Yaya. Ka gaya wa Baba yadda ka ga dama. 'Ya'yan suna bokiti, duk da rai, sau huɗu suke ci a rana, ina murje musu abincin da cokali. Roƙona ɗaya: in injin niƙa ne, a bar ni a nan har ka dawo. Mai gadi ba zai iya ba, hannunsa yana da nauyi.

Ka huta lafiya.
Auta