Gwangwanin Istabro

Zuwa ga Husaina, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar da na bari na fito rana. Gaisuwa daga Alƙahira, daga tsohon da ya yi miki alkawarin shekara huɗu ya cinye arba'in.

Ranar Talata muka binne Hawaga Istabro (Hawaga ake ce wa Bature a nan), Bagirken da nake yi wa aiki a shagon gahawa a unguwar Zamalek tun da na gane takardar shaidar nahawu ba ta cika ciki. Yana ɗan shekara sha bakwai ya bar ƙauyensu na kan dutse, kamar yadda samarin garin suka yi ta watsewa, aka bar tsofaffi da awaki. Abin da ya zo da shi gwangwani ne, cike da ƙasar gonar zaitun ta mahaifinsa. Kowace Lahadi sai ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Wasiyyarsa ɗaya ce: in zuba masa ita a kabari.

Ke kaɗai zan faɗa wa, ya tauraruwata. A makona na farko a shagon, ina goge kantoci, na buɗe gwangwanin nan, na ɗauka gahawa ce ta lalace, na juye a shara. Da na gane, sai na ɗebo ƙasa a gindin bishiyar bakin titi na cika shi. Shekara talatin bawan Allah yana sunsunar ƙasar Zamalek yana hawayen gida. Ko bai gane ba ne, ko ya gane ya yi shiru don ba shi da wata? Ranar Talata na zuba masa ita da hannuna, 'yan cocinsu suna yaba amanata.

Tun daga nan ke nake gani. Kin tuna ranar da kika rako ni bakin tsamiyar Kafin Tanimu, kina riƙe da ƙwaryar fura, lalle bai gama bushewa a tafinki ba? Kika ce in sha da yawa, don furar Masar ba za ta kai ta ba. Masar ba ta da fura, Husaina. Ba ta da ke. Na haddace littattafai, na mance hanyar gida. Wane irin malami ke nan?

Ɗalibai 'yan garinmu sun ce mijinki ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ni kuma likita ya saurari ƙirjina ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, na kuwa san fassararta a bakin likita. Ba aure nake roƙo ba, me zan kawo miki ban da tari da furfura? Kalma ɗaya nake so. Ki ce zo, in zo in zauna inda zan riƙa jin muryarki ta bayan katanga, in kwanta a ƙasar da aka binne cibiyata.

In kuwa ba za ki iya ba, ki ɗebo mini ƙasar gindin tsamiyar nan da hannunki, ki ɗinke bakin ƙullin da zarenki, yadda zan gane ɗinkin. Kada ki yarda da amanar kowa, na san abin da amintattu suke yi.

Naki tun ranar furar nan har ranar da za a rufe ni, ko da wace ƙasa ce,

Harun