Kabad ɗin da Hannuna Ba Ya Kaiwa

Lübeck, 3 ga Maris

Zuwa ga Eckhart, maigida, in har sunan bai tsufa ba,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da ƙaninka Sönke da jiragen ruwan da kuke gyarawa. Yaya gwiwar? Ina fatan tana tuna maka da ni, don ita ma ba ta iya shiru ba.

An sayar da gidan da muke haya. Zan tashi ƙarshen wata, kuma ka san ƙa'ida: yadda muka tarar da kicin bango huɗu kawai, babu komai a ciki, haka zan mayar da shi, sai dai in masu shigowa sun sayi kabad ɗin da ka ƙera. Sun zo jiya, miji da mata, dogaye kamar falwaya. Matar ta sunkuya a kan teburin yanka, ta tambaye ni ko makarantar yara ce a da. Na ce mata a'a, wani mutum ne ya taɓa auna matarsa kafin ya auna katako. Ba su saya ba.

Na je kanti tambayar sabo. Mai sayarwa ya yi mini karatu: farashi na bin katako, ko na gaske ne ko garin katako da aka manna da gam, yana bin ƙofofi da mariƙai da karkatar bango. Sannan ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, tafiyar ba ta da nisa, ya ce wanda za a yi daidai tsayina zai ninka kuɗi. Ashe gajartata ma Yuro take ci. Shekara talatin ina amfani da ita kyauta.

Ba neman komai nake ba. Sanar da kai nake.

Taka, a takarda dai,
Reinhild


Lübeck, 14 ga Maris

Eckhart,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka amsa ba. Ina fatan hannunka lafiya, don ban ga wani uzuri ba sai karaya.

Na kira masu kwance kicin. Babbansu ya leƙa, ya shafa, ya nemi kan ƙusa bai samu ko ɗaya ba. Ya ce katako ne ya riƙe katako, kuma wanda ya haɗa shi kaɗai ya san wanne zai fara zarewa; su sai dai su sa guduma. Na kore su kafin kofi ya huce.

Na karanta littattafai da yawa a kan mazan da suka bar gida. Ban ga wanda ya tafi ya bar kansa manne da bango ba sai kai. Abin da na faɗa ranar nan, cewa ka fi hira da katako a kan matarka, ban janye ba. Sai dai tunda ka kwashe kayan aikinka, ni ce nake hira da shi. Aljihun cokula har yanzu yana rufuwa da wannan ɗan numfashin, irin naka idan na fara faɗa.

Ranar talatin da ɗaya guduma za ta shiga. Ka san da haka.

Reinhild


Lübeck, 22 ga Maris

Eckhart nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Katinka ya iso. Shekara biyu ba ka ce uffan ba, sai tambaya ɗaya: nawa ne faɗin bangon sabon gida? Kai dai ba ka canza ba.

Bangon ya fi namu gajarta da taku guda. Dole kabad ɗaya ya fita, kuma na san wanda za ka zaɓa: na can sama kusa da taga, wanda ka ƙera daidai tsayinka, wanda kullum sai na ƙwala maka kira ka sauko mini da tukunyar gasa agwagwa. Na sha zaginka a kansa. Tukunyar tana ciki tun ranar da ka tafi. Sau biyu na yi Kirsimeti da burodi da cuku.

Ka cire kowanne ka ga dama, ban da wannan. Ka kafa shi can sama yadda yake. Kuma ka sani, ba ni da niyyar sayen tsani.

Jirgin ƙasa daga Husum, inda kake, yana isowa da hantsi ranar Asabar. Ka zo da kayan aikinka duka, ba rabi ba.

Matarka,
Reinhild