Sunan Yayana Ya Ƙi Barin Kwamfutar

Malam Sunusi, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ɗan Gulma ne, ko firamare ban ƙare ba. Yayana Munzali ya rasu da damina, yab bar min kwamfuta tashi. Madam Uju mai shagon buga takardu nan Badariya ta ce in zo da ita ta koya min aiki. To wagga kwamfuta ba irin ta mutane ba ce. In ka kunna, baƙi ƙirin, ba hoto, sai sunan Munzali da ɗan haske shina ƙyaftawa kamar ni yake jira. Rannan hannuna ya taɓa maɓalli mai alamar kibiyar sama, sai rubutu yaf fito, ba ni nar rubuta ba. Na sake taɓawa, wani ya fito. Wallahi tun rannan tsoron buɗe ta nake.

Madam ta ce tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, wani wai shi Arch ne ciki, a goge a sa wani wai shi Mint. Mai gyaran kwamfuta ya ce a sa Ubuntu. Wai duk dangi guda ne da ake kira Linux, to mi ya raba su? Kuma Inna ta ce muryarshi na ciki, ya ɗauka shi da ita suna hira wurin yankan shinkafa. Kullum sai ta kira ta ji ko na gano. In anka goge fa?

Ƙanin Munzali, Badariya

Ƙanena, Allah ya jiƙan Munzali. Ba fatalwa ba ce. Kwamfutar tana ajiye umarnin da mai ita ya rubuta, kibiyar kuma ita ke dawo da su.

Madam Uju tana da gaskiya. Arch na waɗanda hannunsu ya faɗa ne, komai da kanka za ka harhaɗa. Mint da Ubuntu a shirye suke zuwa, da hotunan dannawa. Mint ya fi kama da abin da ake aiki da shi a shaguna, da shi za ka fara.

Amma Inna ma tana da gaskiya. Kada a goge komai tukuna. Ka ce wa mai gyara ya kunna Mint daga filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ba tare da ya saka shi a cikinta ba, ya kwashe muryar da hotuna, kana tsaye. Ka saurara da kunnenka, ka tabbata ta fito, sannan a saka Mint.

Kafin ka fara aiki, ka sa muryar a waya ka je Gulma. Kada ka aika, ka kai wa Inna da kanka, ku ji tare. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa albarka a sana'ar.