Jemage a Gurbina

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka masu taurin kai. Mu nan jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Kada ka yi dariyar rubutun nan, na san kamar kaza ta bi ta kan takarda. Likitan da ke min gashin jiki ne ya ce in riƙa rubutu da hannun daman da ya shanye, ko yatsun za su saki. Antinka za ta ɗauki hoto ta turo maka. Kira kuwa kada ka soma, harshena har yanzu da nauyi, ba na son ina magana kana "na'am, Yaya?"

Labari ya iso min cewa kun saka Jemage a gurbina. Jemage fa, wanda ni na koya masa tashi daga filin jirgi ba tare da ya daki bishiya ba! Mu huɗu muka kafa ƙungiyar nan ta wasan jiragen yaƙi a intanet, kai a gaba, ni a fiffikenka na dama. Yanzu gasar da muka daɗe muna jira ta ƙarato, sai ku share ni don na kwanta asibiti?

Na koma kan sandar tuƙi. Ba na ɓoye maka, abin haushi ne. Ina samun bayan mutum sarai, da ya karya kwana sai in ja sanda in bi shi, hannun ya fizga fiye da yadda na sa shi, gudu ya zube, jirgi ya hau karkarwa. Kafin in farga na wuce shi, shi ne a bayana. Amma zai dawo. Gurbina nake so.

Ka gaishe da mutanen gida.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na kuma ji daɗin ganin rubutunka, ko da kuwa sai da na juya wayar sau biyu. Allah ya ƙara sauƙi.

Babu wanda ya share ka. Gasar tana buƙatar mutum huɗu, Jemage ya riƙe wurin ne kawai. Na zauna da sauran biyun, mun tsayar da magana ɗaya: kafin a miƙa sunaye za ku kara kai da shi, ɗaya da ɗaya. Wanda ya kakkaɓo ɗan'uwansa, gurbi nasa ne.

Na kalli bidiyon wasanninka na makon nan. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A da ƙarfin hannu kake cin mutane da shi, ka shiga kwana ka matse har sai sun gaji. Wannan hannun ba ya nan yanzu. Idan mutum ya karya kwana, kada ka bi shi ciki. Ka ɗaga hanci sama, gudunka ya koma tsayi, ka mirgina kana kallonsa ta rufin gilashi, sannan ka sauko masa ta baya. Tsayi kamar ruwa ne a tankin saman rufi, yana nan yana jiranka har ka buɗe famfo. Wanda ya matse kwana kuwa ya zubar da nasa a ƙasa.

Jemage kuma almakashi ne makaminsa: ya yi hagu, ya yi dama, yana rage gudu har ka wuce gabansa. Kada ka shiga wannan rawar da shi. Da ka ga ya fara, ka hau sama ka bar shi yana yanka iska.

Ina gaida Anti.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Lafiya lau.

Iyye! Yau ni ake wa darasi da tankin ruwa. Ka manta wanda ya ɗora ka a cinya ya riƙe maka sanda? Allo da alli kawai suka rage ka turo min.

Duk da haka na gwada, don kada ka ce ban gwada ba. Ba ya yiwuwa. Mutum yana gabana, ina ganin lambar da ke jikin wutsiyarsa, sai in sake shi in tafi sama kamar mai gudun faɗa? Kaina ya yarda, hannuna ya ƙi. Sau ɗaya na samu na hau, sai na zarce har jirgin ya tsaya cak a sama, ya faɗo kamar buhun siminti. Wani baƙo da ban ma sani ba ya harbe ni, ya kuma rubuto min "sannu baba". Da a gabana yake da ya ga baba.

Jiya na leƙa shago. Firji sun yi layi har bakin ƙofa, masu su sun gaji da zuwa. Na ɗauki sifana zan kwance noti ɗaya, ta suɓuce ta shige ƙarƙashin benci. Na tsaya ina kallonta, na ja ƙofa na dawo gida. Ban taɓa jin takaici irin na jiya ba.

Ka gaya wa Jemage ya shirya.
Yayanka.

*

Zuwa ga Autan gida,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Antinka ce. Na rubuto ne don idan na kira zai ji, kunnensa dai babu abin da ya same shi.

Ni ban san kan wasan nan naku ba, abin da na sani ƙara ce da hayaƙi a allo. Amma na san mijina. Da safe ba ya tashi don shayi, ba ya tashi don baƙi, sai don wannan kujerar. Ya ɗaure hannunsa a jikin sandar da tsohon ɗankwalina saboda kada ya zame. Yana zaune tun hantsi har rana ta juya, wuyan hannun ya kumbura, in kawo ruwan ɗumi ya ce in ajiye. Shekaranjiya na ji shiru, na leƙa, sai na tarar ya kifa kai a kan tebur, jirgin yana ci da wuta a allo. Na koma kicin na yi kukana.

Atisayen asibiti ma don wasan nan yake yi. Ina tsoron idan ya rasa gurbin nan zai ajiye komai, ya koma kallon silin kamar makon farko. Kai ne shugabansu. Ban san me za ka yi ba, amma ka yi wani abu, don girman Allah. Kuma kada ya ji na rubuto.

Na gode, Allah ya bar zumunci.
Antinka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Duk mun kalli karawar. Jemage ya sha wuta, gurbi ya dawo hannun mai shi. Gobe zan miƙa sunaye. Ka huta da hannun nan, ka bar Anti ta gasa maka.

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Amsa sallama wajibi ce, don haka wa alaikumus salam.

Jiya na yi murna kamar yaro. Har shago na sa aka buɗe aka share. Yau da safe na ce bari in sake kallon bidiyon, in more. Na kalla daga cikin jirgina, sannan na juya na kalla daga cikin nasa, inda ake ganin mizanin gudu da totur.

Auta, ni za ka mayar wawa?

A haɗuwar farko ya fi ni tsayi, ya fi ni gudu. Jemagen da na sani da ya sauko ya gama da ni kafin in gyara zama. Sai ya zagaya. Da na samu bayansa ya fara almakashi, hagu, dama, ni kuma na manta duk karatunka na afka ciki. Gudu na ya ƙare, na fara wuce shi, saura juyi ɗaya ya zama a bayana. A daidai nan ya tura totur gaba ya miƙe fiffike, ya dawo gabana da kansa, ya tsaya min sak kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Babu harsashin da ya taɓa shi kafin nan, injinsa lafiya lau. Wanda bai san wasa ba zai ce kuskure ne. Ni na san wasa.

Tun da na kwanta kowa lallaɓa ni yake. A yanka min nama ƙanana, a ɗaura min maɓallin riga, in faɗi magana a karkace a ce "haka ne, haka ne". Wuri ɗaya ya rage inda babu wanda ya san hannuna ya mutu, nan ma ka biyo ni da tausayinka. Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Da na yarda, da ranar gasa ni ne a fiffikenka, wani ya zo bayanka, in kasa cire maka shi, ku faɗi ku duka kuna cewa "ba komai, Yaya".

Kada ka miƙa sunana. A sake karawa, kuma ya zo da haƙoransa duka. In ba haka ba, ka turo a ɗauki sandar nan, ba na buƙata.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ba zan yi musu ba. Ni na roƙe shi, shi ma sai da ya ƙi, don haka kada ka riƙe shi a rai. Na ga kamar taimako ne. Ka yafe min.

Na roƙi masu gasar sun ɗaga min ƙafa zuwa Asabar. Na gaya wa Jemage abin da ka ce. Ya ce in faɗa maka tun ranar yake jin kunyar kansa, kuma wannan karon ko numfashi ba zai bari ka yi ba. Ina tsoron abin da zai biyo baya, Yaya, amma ba zan ƙara sa hannu ba.

Ƙaninka mai biyayya, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ka gani da idonka, ba sai na ba ka labari ba. Ka sa sunan Jemage.

Har yanzu raina a ɓace yake, kada ka zaci na huce. Da ya fara almakashi na hau sama, na mirgina, na sauko daidai bayansa, yatsan nan ya makara a kan kunamar harbi. Ƙiris! Sai da Jemage ya nutsa har ya kusa shafar bishiyoyi kafin ya kuɓuce, ya dawo ya yi min kaca-kaca.

Ka ce masa na gode. Ya harbe ni kamar yadda ake harbin mai lafiya. Litinin da hantsi ina nan a sama, in ya isa ya zo.

Yayanka.