Kyamarar Ɗakin Mama Tana Juyawa Ita Kaɗai

Anti, don Allah ki taimake ni kafin kaina ya juye.

Ni ke jinyar mahaifiyarmu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Magana ba ta fita, amma hankalinta ras yake. Yayanmu yana aiki a nesa, sai ya aiko da kyamara a kafa a ɗakinta, ya riƙa ganinta ta wayarsa. Mijin ƙanwata ne ya haɗa ta, ya ɗora a saman wadrob tana fuskantar gado. Injiniya muke ce masa, don ko tocila ce ta mutu sai ya yi mana lacca.

Wata safiya ina goge wa Mama jiki, na cire mata riga ke nan, sai na ji ƙiii. Na waiga, kan kyamarar ya sunkuyo daidai gado. Na koma wajen bokiti, ta biyo ni. Raina ya ɓaci, na kira Yaya zan wanke shi tas, ashe yana kan tuƙi, ya rantse bai buɗe wayar ba. Na ce ƙila iskancin na'ura ne. To shekaranjiya da rana tsaka ina canza mata zani, wallahi Anti, gyaran murya na ji daga cikinta. Muryar namiji ce, kuma ba ta Yaya ba. Mama ta kai hannunta mai lafiya ta jawo bargo har wuya. Tun daga nan in na ɗauko ruwan wanka sai ta ƙanƙame bargon tana hawaye. Tsoro nake ji, kunya kuma kamar na nutse.

Injiniya ya zo ya yi mini dariya. Ya nuna mini wata doguwar lamba mai farawa da fe80, wai adireshin kyamarar ke nan, kuma irinsa ba ya ƙetare ƙofar gida ko da wa ya zo. Wai jinya ce ta gajiyar da ni. Na ɗauki hoton abin da ya nuna, ga shi na haɗo miki. Da na ce a cire ta, sai Yaya ya tambaya ko akwai abin da ba na so ya gani. Ni! Ni da ke kwashe kashinta da fitsarinta! In na cire, a ce ina cutar da Mama a ɓoye. In na bari, ban san idon wa nake buɗe wa tsiraicin uwata ba. Yaya zan yi?

Mai jinya a tsorace

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, tashi ki zare wayar kyamarar daga soket.

Na kai hoton da kika aiko wajen wata mai aikin haɗa kwamfutoci, mun duba tare. Injiniya bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. A sabon tsarin intanet da ake kira IPv6, na'ura ɗaya takan riƙe adireshi fiye da ɗaya. Mai farawa da fe80 na cikin gida ne, ba ya wuce akwatin intanet ɗinku. Akwai mai farawa da fd, wanda gida ko ma'aikata ke amfani da shi a tsakaninsu. Akwai kuma na duniya, mai farawa da 2 ko 3, wanda za a iya nemansa daga ko'ina. Ki sake duba hotonki: a ƙarƙashin layin da ya nuna miki akwai wani mai farawa da 2.

A da, na'urorin gida sukan ɓuya a bayan adireshi ɗaya na akwatin. Yanzu kowacce tana iya samun nata, katangar tsaron akwatin ce kawai ke tsakaninta da baƙi. Samun adireshin duniya ba ya nufin ƙofa a buɗe take, amma tunda Yaya na kallo daga nesa, akwai hanyar da ta fita waje. In lambar sirrin ita ce wadda kyamarar ta zo da ita daga shago, to duk wanda ya lalubo hanyar zai shigo. Gaskiya ne wasu kyamarori suna bin motsi da kansu. Ban taɓa jin wadda ke gyaran murya ba.

Ban san ko wane ne ba, kuma kada ki zargi kowa a dangi babu hujja. Ba zan ɓoye miki ba, abin da aka riga aka gani ba ya dawowa, shi ya sa ba a jira. A kira Injiniya cikin mutunci, a nuna masa layi na biyu, a canza lambar sirri, a duba katangar, a ga wayoyi nawa aka ba izinin kallo.

Yaya ya yi miki maganar da ba ta dace ba, amma nisa da tsoron rasa uwa ne suka sa shi. Ki ba shi wata hanya: kiran bidiyo kullum, Mama cikin suturarta.

Wasiƙarki ta faɗi ra'ayin kowa, ban da na mai ɗakin. Kin ce hankalinta ras yake. Ki kira Yaya ta bidiyo, ki zaunar da ita, a tambaye ta a gabansa ko tana son a mayar da kyamarar. Tana iya gyaɗa kai, tana iya girgiza shi, kuma duk abin da ta zaɓa shi za a yi.

Allah ya ba Mama lafiya, ya rufa muku asiri, ya saka miki da alheri.

Antinku