Shekara Uku Ina Cin Yabon Kawu

Salamu alaikum Inna Bilkisu. Don Allah ki taimake ni da shawara, wani abu ne ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa.

Ni magini ne a Cadawa. Shekara huɗu da suka wuce wani furoje, wato shirin tallafi, ya koya mana gini da ciyawa: a matse busasshiyar ciyawa da inji ta zama dami mai kusurwa huɗu, a jera damman kamar bulo, a yaɓe da laka ciki da waje. Ɗakin sanyi gare shi ko da bazara. Da furojen ya tattara ya tafi, sai muka buɗe zauren imel don kada abin ya mutu, mutum ya rubuta saƙo ɗaya kowa ya samu. Mu sittin da bakwai ne yanzu, daga Agye, Gazawa har Gidan Rumji. Ni aka ba riƙon ƙofa, ni ke shigar da mutum, ni ke fitarwa. Dokarmu ita ce ba a shigar da kowa sai ƴan zaure biyu sun tsaya masa. Da bakina na kawo dokar, bayan wani ya shigo ya cika mu da tallan maganin basir.

To ga inda maganar take. Ginina na farko ɗakin mahaifiyata ne. Na jera dammai, gobe zan fara yaɓe, sai ga wani dattijo makiyayi ya biyo da shanunsa, Kawu ake ce masa, rugarsu tana wajen Sae Sabuwa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya cusa hannu cikin dami ɗaya ya zaro ya shinshina. Ya ce mini cikin ciyawar da ɗumi, ba ta gama bushewa ba, in na rufe ta da laka ruɓewa za ta yi. Wallahi Inna har na ji haushi, na ce me mai shanu ya sani game da gini. Amma na kwance damman na duba. Dami goma sha ɗaya na samu cikinsu ya fara baƙi. Yau tsohuwata tana kwana a ɗakin nan lafiya lau, kuma duk sanda na dubi bangon sai na yi wa Kawu addu'a.

Tun daga nan na maƙale masa. Shi ya koya mini a soka sanda cikin dami a bar ta ta jima, in ta fito da ɗumi a ajiye damin gefe. Shi ya nuna mini lokacin yankan da ya dace, da ciyawar da gara ta fi so. Bai taɓa karɓar ko goro ba, sai ma matarsa Dija ta cika mini ƙwarya da nono. Ni kuwa duk abin da ya faɗa sai in dawo in rubuta a zaure, ban taɓa ambaton sunansa ba ko sau ɗaya. Da farko mantuwa ce, daga baya daɗin yabo ne. Har Injiniya suke ce mini, ni da ban gama lakol ba, ko ta firamare.

Watan jiya ɗiyarsa Habsatu, ungozoma ce a Gidan Rumji, ta rubuto mini cewa babanta na so a shigar da shi da adireshinta, ta riƙa karanta masa tana rubuta amsarsa. Na tsaya masa, na sanar a zaure. Sai Hamisu, mai injin matse ciyawa wanda dukanmu muke haya, ya ce bai yarda ba. Hujjarsa, a zauren nan muke gaya wa juna inda ake samun ciyawa bayan kaka, in makiyayi ya gani, kafin amalankenmu ya isa shanu sun share. Mako uku ke nan, babu mutum na biyu da ya tsaya masa.

Inna, mabuɗin yana hannuna. Minti ɗaya ya ishe ni in shigar da adireshin, babu mai duba jerin sunaye sai ni. In yi haka in fita kunyar dattijon nan? Ko in ce wa Habsatu doka ta hana? Kasuwar Cadawa biyu na ƙi zuwa don kada mu haɗu da shi.

Mai riƙon ƙofa, Cadawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wasiƙarka, don mutumin da ya san an yi masa alheri har abin ya hana shi sukuni bai lalace ba. Allah ya saka wa Kawu da alheri, ya ƙara wa tsohuwarka lafiya.

Amma kada ka shigar da shi a ɓoye. Mutum sittin da shida suka ba ka amana, dokar ma kai ka kawo ta. Ran da abin ya fito, kuma zai fito, kai za ka rasa ƙofar, shi kuma dattijon a kore shi kamar wanda ya tsallako katanga. Wannan ba godiya ba ce.

Hamisu ma kada ka mai da shi mugu. Ciyawar da kuke ginawa da ita abincin dabbobin wasu ce, kowa ya san yadda ake rububinta in rani ya yi nisa. Tsoronsa na da tushe, ko da yake na yi dariya kaɗan, don makiyayin da ke bin daji da ƙafa ba imel ɗinku yake jira ya san inda ciyawa take ba. Duk da haka ka cire wannan ƙayar daga hanya. Ka kawo shawara a raba abin biyu: maganar gini ta zauna a babban zaure, labarin inda ciyawa take ya koma tsakanin masu saye kawai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga mai ɗacin. Ka ce babu wanda ya tsaya wa Kawu. To wa ya san shi? Su dai sun ji an ce wani mai shanu na son shiga. Mutumin da ya tsare musu bangaye shekara uku kai ka ɓoye musu shi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba dokarku ce ta tare shi ba, shirunka ne.

Saboda haka ka fara zuwa rugar da ƙafarka. Ka gaya masa abin da ka yi da iliminsa, ka nemi yafiya, ka kuma ji daga bakinsa cewa ya yarda a faɗi sunansa. Sannan ka rubuta wa zaure saƙo ɗaya, ba kwana-kwana: dabarar sanda tasa ce, lokacin yanka nasa ne, maganar gara tasa ce. Ka tambaye su, cikin waɗanda suka soka sanda a dami suka tsira da gininsu, wa zai zama na biyu. Ina kyautata zaton za ka samu fiye da ɗaya. In kuma ba ka samu ba, ka bar doka ta yi aikinta, amma daga yau duk abin da ka ɗebo wurinsa ka rubuta da sunansa a sama.

Wataƙila su daina ce maka Injiniya, wasu ma su yi maka tsiya wata guda. Ka daure. Ba ka da abin da za ka biya dattijon nan da shi wanda ya kai ka faɗi gaskiya a kansa gaban mutane, kuma ka yi tun yana da rai zai ji. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya haɗa kanku, ya sa bangayenku su daɗe. Ka gaishe mini da Kawu da Dija.

Inna Bilkisu